A Wace Jiha Za Mu Yi Wa Kasuwancinmu Rajista?

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu, shugabannin kara da na 'yan goro, da sauran 'yan'uwa mazauna Sabo ta Ibadan, muna yi muku barka da zuwa.

Tambayar da ta tara mu yau ita ce: mutum yana zaune a nan Jihar Oyo, asalinsa Kano ko Katsina ko Sakkwato, yana son ya yi wa kasuwancinsa rajista, to a nan zai yi ko a gida?

Jama'a, a ƙasar nan ba jiha ke yi wa kamfani rajista ba. Wannan tsarin Amurka ne. A can kowace jiha da dokarta, shi ya sa fiye da rabin manyan kamfanoninsu 500 suka yi rajista a wata 'yar ƙaramar jiha, Delaware, saboda dokokinta da kotunta ta musamman mai duba rigingimun kamfanoni. Mu kuwa hukuma ɗaya ce ta tarayya, wato CAC, wadda dokar kamfanoni ta 1990 ta kafa, hedkwatarta na Abuja. Takardar da ta ba ka tana aiki daga Legas har Maiduguri. A 2020 aka sabunta dokar, har ma mutum shi kaɗai yana iya kafa kamfani, ba sai ya nemo na biyu ba kamar da.

To ina zaɓin yake? Yana wajen adireshi. Dole ne kowane kamfani ya nuna ofishinsa na rajista, kuma can ne takardun hukuma da sammacin kotu suka fi zuwa. Nan fa ake yin kuskure. Sai ka ga mutum shekara 30 yana Sabo, amma don son gida ya rubuta adireshin gidan gado a Arewa. A kai sammaci can, ba wanda ya san ta kansa, shi kuwa yana nan bai ji ba bai gani ba, har a yanke hukunci ba ya wurin. Kun ga son gida ya jawo asara.

Na biyu, haraji. Wasu na zaton in sun sa adireshin gida sun tsira daga harajin nan. Ba haka ba ne. Harajin kuɗin shigar mutum, jihar da yake zaune ke karɓa, ba jihar da aka haife shi ba. Haka na ma'aikatansa. Kuɗin rajistar wurin sana'a kuma na jihar da shagon yake ne. Harajin ribar kamfani shi ne na gwamnatin tarayya, ko ina adireshin yake.

Na uku, mu bambance rajistar suna da cikakken kamfani. Mai rajistar suna kawai, shi da kasuwancinsa abu ɗaya ne, in bashi ya hau ana iya bin dukiyarsa. Kamfani mai Limited a ƙarshen sunansa kuwa yana tsaye da ƙafarsa a idon doka, ko mai shi ya rasu kamfani na nan, magada su gaji hannun jari. Amma da ɗawainiya: kowace shekara sai an kai rahoto CAC, in an yi sakaci tara ta biyo baya, har a kai ga soke sunan.

Saboda haka shawararmu ita ce, kowa ya sa adireshin inda yake buɗe shago kullum safiya. In ka tashi daga wurin, ka sanar da hukuma. Iyayenmu sun zauna a Sabon nan tun 1916, suka yi fataucin goro da shanu bisa amana da shaidar fatoma. Amana na nan, sai dai banki da kotu takarda suke tambaya. Tun ran gini ran zane.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.