Soja sun tafi, kuɗin haya yana nan



A watan Janairun 2025 sojojin Faransa suka miƙa sansanin Abeshe da na Njamena, bayan na Faya. Ba mu yi kukan tafiyarsu ba. Amma direbobi da masu gadi da kukun da ke aiki a can 'ya'yanmu ne. Albashi ya tsaya, mai gida yana jiran kuɗin haya, mai kanti yana bin bashi, har mai saro kaya daga Kusuri ya ji a jikinsa.

Gwamnati ta yi bikin karɓar sansani. Mu muna neman a ba waɗannan ma'aikata aiki kafin a watso musu kaya waje. Ranar zaɓe ku tuna da su, ku ba mu ƙuri'arku.