Rabilu Musa Ibro da Gadon 'Yan Kama



Tun kafin kaset ya shigo ƙasar nan muna da masu ba mu dariya. A ranar kasuwa ɗan kama zai naɗa rawani ya zauna kamar shehun malami, ya buɗe baki da muryar karatu, amma duk abin da yake jerowa tuwo ne da miya da nama. Mutane su yi ta dariya suna jefa masa kwabo. Ɗan kama ba shi da rubutaccen labari. Jarinsa ido ne da kunne, domin sai ya ƙare wa mutane kallo kafin ya iya kwaikwayonsu. Daga wannan tushe nake son mu kalli Rabilu Musa, wanda duniya ta sani da Ɗan Ibro.

An haife shi a 1971 a Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. Ya yi aikin gandiroba na wasu shekaru yana haɗawa da wasan daɓe, sannan ya bar aikin gwamnati ya rungumi wasa. Ya zo a daidai lokacin da fim ɗin Hausa na bidiyo ke tasowa, bayan Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Irin wannan hanya Charlie Chaplin ya bi, daga dandalin barkwanci na Landan zuwa fim a Amurka.

Ibro ba jarumin soyayya ba ne. Shi ne mai gadi, shi ne boka, shi ne baƙauyen da ya shigo birni yana zazzare ido. Ku tuna yadda yake karkace baki idan an kama shi da ƙarya, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya waiga kamar mai neman hanyar gudu, sannan ya ƙara wata ƙaryar a kai. Wannan shirun gwaninta ce, kuma kaɗan ne cikin masu kwaikwayonsa suka iya shi. Talaka ya ga kansa a jikin Ibro, shi ya sa kaset ɗinsa ya tsallaka iyakar nan tamu ta Ɓaɓura har Magarya da Damagaram.

Magabatansa a rediyo da talabijin, Ƙasimu Yero na Karambana da Usman Baba Pategi mai Samanja, sun yi aiki a inuwar gidajen gwamnati a Kaduna. Ibro kuwa kasuwa ce ta riƙe shi, kuma kasuwa ba ta jira. Ya yi fina-finai da yawa cikin gaggawa, wasunsu ba su kai darajar baiwarsa ba. A 2008 kotun tafi-da-gidanka mai sauraron ƙararrakin hukumar tace fina-finai ta Kano ta ɗaure shi wata biyu a kan fim ɗinsa Ibro Aloko. Ya fito ya ci gaba da sana'arsa har Allah ya karɓi ransa a ranar 10 ga Disamba, 2014. Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da ke damuna shi ne yawancin ayyukansa suna kan kaset da faifan da ke lalacewa, 'yan kaman da suka share masa hanya kuma suna ta ƙarewa. Ɗalibanmu, kowannenku yana da waya. Ku nemi tsofaffin masu wannan sana'a a kasuwannin Ɓaɓura da Kazaure da Roni da Gwiwa, ku naɗi muryarsu da izininsu, ku tambaye su a wurin wa suka koya.