RENON IRIN BARKONO A GIDA

Jawabin da aka yi wa manoman Sharabi, ƙasar Bagudo



Yau maganarmu a kan barkono take, da tattasai, da attarugu, da tumatir. Dukanmu mun san halin fadamun ƙasar nan. Daga watan Agusta Kwara takan cika ta malala, ba mu samun shiga lambu sai ruwa ya janye, wajen Oktoba ko Nuwamba. Ba mu manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye shinkafa mai yawa a Jihar Kebbi, ƙasar Bagudo ma ba ta tsira ba.

To, wanda ya jira sai ruwa ya janye kafin ya yafa iri, ya yi hasarar mako shida. Sa'an nan ga hunturu ya riske shi, shi kuwa irin barkono ba ya son sanyi. Da ɗumi yakan tsiro cikin kwana 7 zuwa 14, amma da sanyi sai ya yi mako uku yana kwance a ƙasa. Kafin mai jinkiri ya kai kayansa kasuwar Bagudo, ko Tsamiya, ko Lolo, kowa ya riga ya kawo nasa, kuɗi ya faɗi.

Dabara ita ce mu reni iri a cikin gida tun fadama tana cikin ruwa. Ran da ƙasa ta bayyana, dashenmu ya isa.

Da taki za mu fara, domin shi ya fi ɗaukar lokaci. Tun 2022 takin zamani ya yi tsadar da ba mu saba gani ba, alhali kuwa na rami ba ya cin ko kwabo. A watan Yuni mu haƙa rami a inuwa, inda ruwa ba ya kwanciya, zurfinsa iya ƙugu. Mu shimfiɗa ciyawa da ɓuntun shinkafa da sharar gida, kaurin taki ɗaya na hannu. Mu zuba kashin shanu ko na awaki ko na kaji a kai, mu barbaɗa toka kaɗan, mu yayyafa ruwa. Haka za mu yi ta jerawa har rami ya cika. Kada leda ko batir ko gwangwani su shiga.

Sai mu soka sanda a tsakiya. Bayan kwana biyar mu zare ta, mu taɓa. In da zafi, taki yana dahuwa. In ta fito da sanyi kuma a bushe, ruwa ya kasa. In ta fito da wari, ruwa ya yi yawa, sai a ƙara busasshiyar ciyawa. Kowane mako uku a juya, na sama ya koma ƙasa. Cikin wata uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ya yi ƙanshin ƙasar da ta sha ruwan fari. Ku lura da kyau: ɗanyen kashin dabba ƙone tsiro yake yi, yana kuma kawo ciyawa da cuta. Ruɓaɓɓe kaɗai ake ba jariri.

A farkon Satumba sai mu haɗa ƙasar reno: kwano biyu na ƙasa mai kyau, kwano ɗaya na taki, kwano ɗaya na yashi. Mu tankaɗe su tare. Mazubi kuwa kowane gida da shi: tsohuwar ƙwarya, fasasshen kasko, ko ledar ruwa da aka yar. Lalle a huda gindinsu don ruwa ya tsiyaye. A shuka iri zurfin farce kawai, a rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Da tsiro ya leƙo sai a kwashe ciyawar. Mu rubuta ranar shuka a jikin sanda mu kafa, don kada lissafi ya ɓace mana.

Ina za a ajiye su? Ba a ƙuryar ɗaki ba. Tsiron da bai ga rana ba yakan yi tsawo, ya yi fari, ya langaɓe. A sa su a bakin rumfa ko ƙofar zaure mai duban gabas, inda za su sha ranar safe, a kuma kare su daga ruwan sama mai ƙarfi. A ɗora su a kan dakali, a kewaye da zana saboda kaji da awaki.

Ban ruwa da safe ake yi, da gwangwani mai ƙananan huji. Yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe tsiro. In kun ga gindinsa ya yi baƙi ya tsuke, ya faɗi kamar an yanka, ruwa ne ya yi yawa. A cire waɗanda suka kamu, a rage ruwa, a bar iska ta shiga. Idan tsiro ya yi ganye huɗu, a rage masu cunkoso, a bar faɗin yatsa biyu tsakaninsu. Daga nan kowane kwana goma a barbaɗa tankaɗaɗɗen taki kaɗan a gindinsu, a bi da ruwa.

Tumatir yakan isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu, barkono kuwa sai mako biyar ko shida. A makon ƙarshe mu riƙa fid da su rana, kullum muna ƙara musu lokaci, muna rage ruwa, don su saba da wahalar fili. Ran dashe a jiƙa su sosai, a cire da ƙasarsu, a dasa da yamma, a sa tafi ɗaya na taki a kowane rami.

Jama'a, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya haƙa rami a Yuni, shi zai riga kowa kai barkono kasuwa. Kowa ya gwada ko da ƙwarya biyu ce bana, mu haɗu baɗi mu ji labari.

Allah ya ba mu damina mai albarka, da rani mai amfani. Wassalam.