Daga Mancesta Zuwa Challawa: Abin Da Wani Ɗalibi Ya Gani A Birnin Auduga

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan'uwa, wanda ya yi karatun injiniya a birnin Mancesta na ƙasar Ingila, ya gabatar ga matasan Challawa da Fanshekara bayan dawowarsa gida. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo (SAW), ɗan'uwan ya soma da cewa tun da ya dawo, tambayar da samari suka fi yi masa ita ce ko ya je filin ƙwallon Manchester United. Ya ce ƙwarai ya je, amma abin da ya fi tsaya masa a rai yana maƙwabtaka da filin. Nan ne unguwar kamfanoni ta Trafford Park take, wadda aka kafa a 1896, kuma ita ake ɗauka ta farko a duniya da aka tsara musamman domin masana'antu. Ya ce wato kakar Sharaɗa da Challawa da Bompai ke nan.

Ya ce da ƙafa ya san garin, ranakun Asabar da Lahadi, cikin yayyafin da ba ya ƙarewa, domin ba shi da kuɗin yawo. Ɗalibi baƙo awa 20 kawai aka yarje masa ya yi aiki a mako idan ana karatu, kuɗin haya kuwa shi ke lashe mafi yawa. Ga hunturu, wanda a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, sai ka ga Azahar da La'asar da Magariba duk sun riske ka a cikin makaranta.

Inda ya fi daɗewa a jawabin nasa shi ne unguwar Ancoats, inda tsofaffin masaƙu na jan bulo suke tsaye, bene a kan bene, wasu sun haura shekara 200. Ya ce auduga ce ta gina Mancesta, alhali ko ƙwaya ɗaya ba a nomawa a Ingila. Daga Amurka ake kawo mafi yawanta, kuma har zuwa yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 bayi baƙar fata ne ke noma ta. A cikin masaƙun kuwa ƙananan yara ake sawa aiki, sai a 1819 aka yi dokar hana ɗaukar wanda bai kai shekara tara ba. Ya ce duk wanda ke yaba ci gaban Turawa, to ya riƙa haɗawa da wannan lissafi.

Daga nan sai ya juyo gida. Ya ce a wannan birni aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, BCGA, a 1902, domin sun gaji da dogaro da Amurka. Shekara guda bayan haka sojojin Lugga suka ci Kano, a 1911 kuma layin dogo ya iso. Fatan 'yan mulkin mallaka shi ne jirgin ya riƙa kwasar auduga zuwa masaƙunsu. Sai dai masaƙan ƙasar Kano, waɗanda tun a 1851 Bature Barth ya tarar suna aika tufafi har Tambutu da Tarabulus, sun fi Bature sayen auduga da daraja. Manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, suka koma mata. Asalin dalar gyaɗa ke nan, in ji shi.

Ya ci gaba da cewa a tsakiyar gari ya shiga Royal Exchange, babban zauren da ake cinikin auduga a dā. An rufe cinikin a 1968, yanzu gidan wasan kwaikwayo ne, amma allon farashin ranar ƙarshe yana nan rataye. Indiya da Japan sun kafa nasu masaƙun, yadi mai araha ya cika kasuwa, na Ingila suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin su ƙarasa mutuwa an ɗebo leburori daga Pakistan don aikin dare, wanda yana cikin dalilan da suka sa ɗalibi Musulmi ba ya rasa masallaci ko naman halal a unguwanni irin su Rusholme.

A nan ne ya ce wa mahalarta su dubi kewayensu. Kamfanonin da iyayensu suka yi wa aiki da yawa an garƙame su, Kantin Kwari kuma ya cika da atamfar Sin. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri duk gaskiya ne, amma a matsayinsa na ɗalibin injiniya akwai abin da ya fi damunsa. Mutanen can su suka ƙera injinansu. Kamfanin Platt Brothers na garin Oldham, kusa da Mancesta, ya sayar wa ƙasashen duniya injinan saƙa, har da waɗanda suka zo suka kashe musu kasuwa. Mu kuwa saye muka yi, shi ya sa da tsarin SAP na 1986 ya karya darajar Naira, ƙaramin ƙarfe in ya lalace sai an nemi Dala. Ya ce da saƙa ta mutu a can, an bar su da maƙera da jami'o'i da ribar fiye da shekara ɗari. Da ta mutu a nan, an bar mu da kango da maigadi.

Amma ya ja kunnen samari kada su zaci can aljanna ce. Masaƙun Ancoats an mayar da su gidajen haya masu tsada, waɗanda talaka ba ya iya kamawa, kuma ya sha ganin 'yan ƙasa suna kwana a bakin shaguna a Piccadilly cikin tsananin sanyi.

Da aka ba da damar tambayoyi, wani matashi mai aiki a kamfanin fata ya tambayi ko ya ba su shawarar su nemi fita. Ɗan'uwan ya ce wanda ya samu gurbin karatu da mai ɗaukar nauyi ya tafi, amma kada kowa ya sayar da gonar gado don biza. Ya kuma roƙi masu karatun kanikanci da walda su nemi tsofaffin makanikan masaƙun da suka rage a Fanshekara da Sharaɗa, su zauna da su da littafi da biro tun suna raye. Daga nan aka rufe taro da addu'a.