Aikin Dattijo a Cikin Ikilisiya



Sunanmu Presbiteriyan daga kalmar Helenanci ya fito, ma'anarta dattijo. Tsarin da Hope Waddell ya kawo Kalaba a 1846 ke nan: fasto ba ya kiwon garke shi kaɗai, sai tare da dattawa.

Mu nan 'yan kaɗan ne, amma wata gwauruwa ta yi Lahadi huɗu tana kwance ba lafiya, babu wanda ya leƙa ta, har da ni fastonta. Na roƙi gafararta.

Kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, bari kowane dattijo ya ziyarci gidajen masu bi na unguwarsa. Zumunta a ƙafa take.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.