Hasken Eksire Mai Tafiya Bai Ɗaya



Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ake haifar da hasken eksire mai tafiya bai ɗaya. Tun da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske a 1895 ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, amma na asibiti a warwatse yake fita, kamar jama'ar da ta taso daga kasuwa. Wanda masana ke nema kuwa shi ne mai kama da manoman gayya, waɗanda fartanyunsu ke sauka tare bisa kiɗan ganga. Irin wannan ne ke iya nuna yadda ƙwayoyin zarra ke motsi cikin abu.

Ga yadda al'amarin yake. Ana ingiza ƙwayoyin lantarki har gudunsu ya kusa na haske, sa'an nan a sa su yi karo da walƙiyar leza. Hasken leza sai ya komo da baya, ya kwashi ƙarfi daga gare su, ya rikiɗa ya zama eksire. Tushen wannan ilmi binciken Arthur Compton ne na 1923. Sai dai hasken ba ya jeruwa sai ƙwayoyin da kansu sun jeru sahu-sahu. An cim ma haka a Stanford ta Amurka a 2009, da kuma Hambug ta Jamus a 2017, amma da jerin maganaɗisu maimakon leza, kuma na'urar Hambug tsawonta kilomita 3.4 ne. Fa'idar leza ita ce tana iya taƙaita aikin ya shiga cikin ɗaki guda. Jera ƙwayoyin a nan shi ne abin da masana ke fama da shi.

To, ina ruwan mai haƙar zinariya a dajin Birnin Gwari da wannan? A 2010 dalma da ke cikin dutsen zinariya ta halaka yara fiye da 400 a maƙwabciya Zamfara, kuma da ƙananan na'urorin eksire aka auna gubar cikin ƙasa. Tsananin haske yana nuna abin da ya fi haka, watau irin siffar da gubar ta ɗauka, amma Afirka ba ta da babbar na'urar haske ko ɗaya, sai a kai samfuri ƙetare. Idan na'urar ta ƙanƙance, jami'a irin ta Zariya za ta iya sa ran mallakarta. Saboda haka horar da waɗanda za su sarrafa ta tun yanzu ya wajaba, domin da sanyin safiya ake kama fara.