Kalma Ɗaya, Ma'ana Barkatai: Kar Turanci Ya Yi Maka Sakiyar Da Ba Ruwa



Bari in fara da abin kunyar da ya same ni ina aji ɗaya a jami'a. An kafe sakamako, na duba sai na ga an rubuta "outstanding" a gaban sunana. Ni dai a sakandare an koya min kalmar na nufin wanda ya yi zarra. Wallahi har na kira Umma na yi mata albishir. Sai wani ɗan aji uku ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanina, kwas ne ka faɗi, sai ka sake shi baɗi." Ashe kalmar tana kuma nufin abin da ake bin ka, ko kwas ko bashi.

To haka Turanci yake. A bugu na biyu na babban ƙamus ɗin Oxford, na 1989, kalmar "set" tana da ma'ana 430. Da aka sabunta bayanin "run" a 2011, an ƙirga mata 645 a matsayin aikatau kawai.

Ku duba "run" ɗin nan. Gudu ne, gudanar da kamfani ne, kuma tsayawa takara ne. Dokar "Not Too Young To Run" da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018 ba ta tsere ba ce. Ita ce ta rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Ka ga wanda bai gane kalmar ba, ƙofar da aka buɗe masa ma bai san da ita ba.

Ga wasu kuma. "Charge" cajin waya ne, kuɗin da banki ke cira ne, kuma tuhuma ce a kotu. "Fine" lafiya lau ne, kuma tara ce. "Interest" sha'awa ce, amma a takardar rance kuɗin ruwa ne. Wannan ta ƙarshen ita ta fi damu na, domin matasa na karɓar bashi ta manhajar waya, su danna amincewa ba su karanta ba, sai an fara kiran danginsu hankali ya tashi.

Kar wani ya ce wai Turanci ne kaɗai mai rikici. Mu ma muna da "ci": ci abinci, ci zaɓe, ci amana, ci bashi, ci jarrabawa. Bahaushe ba ya ruɗewa, saboda yana sauraron kalmar da ta biyo baya. Dabarar ke nan a Turancin ma.

Saboda haka abu uku nake roƙon ku. Ku karanta jimlar gaba ɗaya, ba kalma ɗaya ba. In kun buɗe ƙamus, kar ku tsaya a ma'anar farko, ku gangara ƙasa. Sannan duk takardar da ta shafi kuɗi, aiki ko kotu, kar ku sa hannu sai kun tambayi wanda ya sani. Matambayi ba ya ɓata.

Kwas ɗin nan dai na sake shi na ci. Har yau Umma in za ta zolaye ni, "Malam Zarra" take ce min.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.